Lemar Sulle Tuwon Sama

A Gwangwan, in mutum ya shirga ƙaryar da ta fi ƙarfin kunne, ba a ce masa ya yi ƙarya. Sai a ce, "To, Sulle, sauko da tuwon." A yi dariya a watse. Yaran da ke faɗar haka yau ba su san wane ne Sullen ba, sun dai tashi sun ji manya na faɗa. Amma Kande ta san shi, domin mahaifinta ne. Shekararta saba'in da ɗoriya tana haɗiye wannan magana, kuma har yau ba ta wuce mata maƙogwaro ba.

Asalin abin tsoho ne. Lokacin yaƙin duniya na biyu aka ɗebi Sulle yana saurayi, ya yi shekara huɗu ba labari, sannan ya dawo da akwatin ƙarfe guda, ba bindiga, ba lambar yabo. Ya ce wata ƙasa aka kai su da ake kira Bama, can gaba da Indiya. Ya ce aikinsu dako ne, kaya a ka, adda a hannu, cikin dajin da mota ba ta shiga. Ya ce abincinsu daga sama jirgi yake sako musu, har wata rana buhun shinkafa ya faɗo kan abokinsa ya kashe shi nan take. Sai Kofur Shitu na Rogo, wanda ya yi nasa yaƙin a Habasha da bindiga ta gaske, ya kece da dariya. Ya ce shi bai taɓa ganin sojan da ba bindiga ba, balle tuwon da ke saukowa daga sama. Wai dako Sulle ya yi a tashar jirgin ƙasa ta Kano, ya dawo yana sayar musu da labari. Tun daga ranar suna ya bi Sulle, kuma da shi ya shiga kabari.

Jikokinsa sun fi arba'in, amma ko ɗaya ba a yi masa takwara ba. Wannan shi ne ciwon Kande. Da cikin Munawwara, matar autanta Sabi'u, ya shiga wata na huɗu, sai ta kira shi ɗakinta bayan la'asar.

"Auta, in Allah ya sauki yarinyar nan lafiya, in namiji ne, ina so ka mayar mini da Baba."

Sabi'u ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin injin niƙansa. "Inna, ki roƙe ni komai ban da wannan." Ya nuna tabon da ke saman girarsa. "Kin manta inda na samo wannan? Jikan Tuwon Sama aka ce da ni a makaranta, na yi dambe. Ba zan ɗora wa ɗana kayan da ni ma na kasa ɗauka ba."

"In ya tabbata gaskiya ya faɗa fa?"

"Wa zai tabbatar, Inna? Shi ya mutu, Kofur ya mutu."

Kande ta sallame shi, ta ja carbinta. Waɗanda suka san ta sun san shirunta ya fi faɗanta haɗari.

A rediyo ta ji sanarwar: an buɗe ajin manya a Karaye, kowace Asabar da hantsi, inda ake koyar da tarihin duniya da na yaƙe-yaƙe, ba a tambayar shekaru ko takardar makaranta. Asabar ɗin nan ta ɗaura mayafinta, ta hau acaba zuwa Rogo, ta shiga motar Karaye. Matan gidan suka bi ta da kallo, ɗaya ta ce tsufa ne ya zo wa Inna da gardama.

Ajin a wata makarantar firamare ake yin sa, kan bencin da aka yi wa yara, don haka gwiwar kowa kusa da haɓarsa take. Ɗaliban su goma sha tara ne: tsofaffin ma'aikata, manoma, wani tela, mata uku, da Hammawa, wani dattijon Bafulatani na Yammedi wanda ya daɗe yana jin sunayen ƙasashe a rediyo, ya ce kafin ya mutu sai ya san inda kowacce take zaune. Malamin kuwa Malam Zubair ne, tsohon soja da ya ƙare aikinsa yana koyar da kurata, mutum siriri mai son tsari kamar ransa. Kafin ya gama rataye taswirar duniya, Kande ta ɗaga hannu.

"Malam, barka da aiki. Ni Bama na zo ji."

"Barka kadai, Inna. Za mu je Bama, in sha Allahu. Darasi na goma sha shida ne."

Ta ƙirga a yatsu, ta ga wata huɗu ke nan. "Malam, ciki ba ya jiran darasi. Ba za ka ɗan tsallako ba?"

Aji ya yi dariya, har ta ba su labarinta a taƙaice, dariyar ta mutu. Malam Zubair ya tausaya mata, amma bai motsa ba. Ya ce tarihi kamar kunyar noma ne, ba a fara ta daga tsakiya. In bai nuna mata abin da ya haɗa Turawa da Japanawa faɗa ba, ba za ta gane abin da ya kai ɗan Gwangwan dajin Bama ba. Kande ta yi masa kallon da take yi wa mai awo in ya danne mudu, ta gyara zama. In jira ne, ta iya.

Haka ta yi ta zuwa. Damina ta sauka, hanya ta lalace, wata Asabar motarsu ta kafe a laka ta ƙarasa da ƙafa, takalmi a hannu. Ba ta iya boko ba, sai ɗan ajami, don haka kanta ne littafinta. Da farko kunnenta kawai ke ajin, zuciyarta na Bama. Amma ilimi ɓarawo ne, ta inda ba a tsare yake shiga. Ba ta ankara ba ta fara gardama da Hammawa kan ko dawakai ne suka ci wa magabata yaƙi ko kuwa rumbu. Ita ta ce rumbu ne, domin ta ciyar da gida shekara hamsin, ta san mai yunwa ba ya ɗaga ko muciya. Malam Zubair ya ce manyan janar-janar ma abin da suka gano ke nan, sai dai su sai da suka yi asarar mutane kafin su gano. Ranar Kande ta koma gida tana tafiya kamar an naɗa ta sarauta.

Ranar darasi na goma sha shida aka rufe tagogi da tabarmi, Malam ya kunna majigi. Ya nuna musu kwarin wani kogi da ake kira Kaladan, ya ce a nan rundunar sojojin Afirka ta Yamma ta yi yaƙi, kuma cikinsu akwai dubban mutanen da aikinsu ɗaukar kaya ne a ka, domin dajin ba ya karɓar mota. Sai hoto ya fito a bango: baƙaƙen mutane a jere cikin duhuwar itatuwa, kowa da akwati a kan gammo, adda a ƙugu. Hoto na gaba jirgi ne, ƙarƙashinsa fararen lemomi sun cika sama, kowacce da ƙunshi a rataye. Malam ya ce watanni rundunar nan ta yi ba ta cin komai sai abin da jirgi ya sako. Ya ƙara da cewa wasu buhunan ma ba a ɗaura musu lema, haka ake turo su, kuma wanda tsautsayi ya tsayar a ƙarƙashinsu ba ya tashi.

Kande ba ta san ta miƙe ba. Ta je har jikin bango, inuwarta ta rufe rabin hoton, tana duba fuskokin nan ɗaya bayan ɗaya. Ba ta ga mahaifinta ba. Amma ta ga yadda suke karkata wuya ƙarƙashin kaya, irin karkatar da ya mutu da ita. Kuka ya ƙwace mata, na baƙin ciki da na daɗi a haɗe, ba wanda ya hana ta.

Bayan an tashi, Malam Zubair ya tsayar da ita. "Inna, kada in yaudare ki. Wannan ya nuna abin da mahaifinki ya faɗa ya faru. Bai nuna shi yana wurin ba. A ajin nan ba mu karɓar magana sai da hujja, ko da maganar ta yi mana daɗi."

Ta ji haushinsa ƙwarai, amma da ta isa gida ta ba Sabi'u labari, abin da ya ce ke nan shi ma: mai dako a tasha yana jin hirar sojoji, ba wuya ya ɗauko ya kawo ƙauye. Haushin ya zama biyu, ta rasa wanda za ta sauke wa.

Tana tankaɗe washegari abin ya faɗo mata. A akwatin ƙarfen nan akwai wani farin yadi mai yawa. Sau ɗaya Sulle ya taɓa fito da shi, aka ce tantin Bature ne ya sato, ya mayar ya kulle, bai ƙara buɗewa ba. Da ya rasu aka zo rabon gado, malamai suka ce duk abin da mamaci ya bari sai an raba, kada haƙƙin wani ya kwana a hannun wani. Ba wanda ya yi tunanin shimfiɗa yadin a ga siffarsa. A ɗaki aka warware shi kaɗan-kaɗan, aka bi ɗinki da almakashi, ya tashi ƙyalle goma sha shida, kowanne da faɗi a gindi da tsini a kai. Maza biyu suka ɗauki huɗu-huɗu, mata huɗu suka ɗauki bibbiyu. An yi adalci tsaf, an kuma yanka shaidar mutum gunduwa-gunduwa ba a sani ba.

Na Kande ɗaya yana ƙasan adakarta. Ɗayan shi ne majanyin da ta goya 'ya'yanta duka da shi, ta kuma ba Munawwara tun cikin yana ƙarami. Ta kai na adakar aji. Malam Zubair ya juya shi, ya shafa wani ɗan madauki na igiya da ke ɗinke a gindinsa.

"Zai iya zama, Inna. Amma ƙyalle ɗaya ƙyalle ne. In lemar jirgi ce, in an haɗa su za su yi da'ira, da rami a tsakiya inda iska ke fita. Tanti ba ya haka."

"To, za ka ga da'ira," in ji Kande.

Saura wata guda haihuwa. Ta bazama gidajen dangi, ta tarar gadon Sulle ya shiga ko'ina. A Rogo 'ya'yan yayarta sun mai da nasu labulen ƙofa. A wani gida an rina ɗaya da shuni ana rufe ƙwaryar fura. Na ƙaramin wansu, wanda ya rasu, jikokinsa sun naɗe littattafansa na addini da su. Waɗanda aure ya kai Yammedi, Hammawa ne ya bi gida-gida ya karɓo, ya kawo su aji a ɗaure a bayan kekensa. Wasu suka bayar da dariya, wasu sai da ta yi rantsuwa za ta mayar.

Wanda ya fi wuyar sha'ani shi ne Ɗanmaliki, babban wansu da ke Tudun Kaya, wanda ya kusa tamanin, kuma shi ne ya riƙe almakashi ranar rabo. Bayan sun gaisa, sun tambayi gida da gona da jikoki, ta faɗi abin da ya kawo ta.

"Gadon da aka raba ba ya komawa tukunya, Kande," ya ce. "Ki bar mamaci ya huta. Kina so a sake yi mana dariya da furfurarmu?"

"Yaya, an daina ne?"

Ya ce a kawo mata ruwa ta kama hanya. Kande ta sha ruwan, ta shimfiɗa mayafinta a tsakar gidan, ta ja kwandon gyaɗa ta hau ɓara tare da matan gida. Kwana uku ta yi. Ba ta ƙara ta da maganar ba, sai dai duk sanda ya wuce ta gaishe shi da ladabi, irin gaisuwar da ta fi zagi nauyi. A rana ta uku ya fito da ƙunshi ya ajiye a gabanta.

"Ranar da Kofur ya yi dariyar nan a kasuwa karo na ƙarshe, ina wurin," ya ce. "Ni ma na yi dariya, don kada a ce ni ɗansa ne. Baba ya juyo ya gan ni." Ya share ido da bakin rigarsa. "Ɗauki ki tafi."

Ta dawo Gwangwan ta tarar Munawwara ta sauka, namiji. Ta yi hamdala, ta yi wa jariri addu'a, sannan ta tambayi majanyi. Munawwara ta kawar da kai. Sabi'u ne ya amsa daga bakin ƙofa.

"Na jefar, Inna. Tun ranar da kika ba ta."

Da ya fita, Munawwara ta raɗa mata cewa ya riga ya yi wa yaro huɗuba da Zaharaddini. Kande ta zauna a bakin gado. Ta sha kaye, ta sani. Amma da ta koma ɗakinta ta ga ƙunshin ƙyallayen nan, sai ta ce a ranta, takwara dai ta rasa, amma ba ta ga dalilin da zai sa Baba ya ci gaba da zama maƙaryaci ba. Ta aika wa Malam Zubair cewa darasin wannan makon a Gwangwan za a yi shi, ranar suna. Karo na farko Malam ya yarda ya karya tsarinsa.

Da sassafe ranar suna maza suka cika ƙofar gida, an shimfiɗa tabarmi, goro da dabino na zagayawa, rago na ɗaure a gindin darbejiya. Sai ga motar 'yan aji. Kande ta fito daga zaure, abin da mata ba su saba yi ba a irin wannan sa'a, ta roƙi Liman ya ba ta ɗan lokaci kafin a raɗa suna. Liman ya dubi furfurarta, ya ce ba laifi.

A filin da ke gaban gidan suka fara shimfiɗawa, tsini a tsakiya, faɗi a waje. Tela na aji yana gyara bakin kowanne ya haɗu da ɗan'uwansa, Hammawa na danne su da duwatsu. Wani fari fat, wani ya yi ja da hayaƙi, wani shuɗi, wani da tabon man gyaɗa. Mutane suka fara da murmushi. Wani ma daga baya ya soma cewa, "To, Sulle," amma bai ƙarasa ba, domin abin ya riga ya fara lanƙwasa a gaban idonsa. Ƙyalle na goma sha biyar na sauka, sai ga da'ira ta cika filin, madaukan igiya jere a bakinta, rami a tsakiya kamar bakin tulu. Giɓi ɗaya ne kawai ya rage, ƙasa ja tana leƙowa ta cikinsa.

Malam Zubair ya buɗe babban littafinsa, ya ɗaga hoton lemar jirgi a shimfiɗe, ya zagaya da shi gaban kowa. Ya ba su labarin Kaladan da masu dako da buhunan da ke faɗowa, a taƙaice, ba ƙari. Ya ce shi bai san Malam Sulle ba, amma ya san wannan lemar sako kaya ce, kuma abin da marigayin ya faɗa tun kafin a haifi yawancinsu ya yi daidai da abin da aka rubuta. Ɗanmaliki, wanda aka kawo a bayan babur, ya durƙusa a bakin da'irar ya dafa ta da tafin hannu. Wurin ya yi tsit, har ana jin ragon yana tuƙa.

Kande ta nemi Sabi'u da ido, ba ta gan shi ba. Ta ce a ranta ko kallo ma ya ƙi yi. Ta sunkuya za ta fara naɗe kayanta, sai ta ji mutane na darewa. Sabi'u ne ya fito daga zaure da jariri a hannu, abin da ba a yi kafin wanzami ya zo. An naɗe yaron cikin wani tsohon farin ƙyalle da ya yi laushi don wanki, wanda Kande za ta gane ko a cikin dubu.

"Ban jefar ba, Inna," ya ce. "Na kai shi bakin rami, na kasa. Ƙamshinki yake yi."

Ya durƙusa, ya warware ƙyallen a hankali, ya shimfiɗa shi a giɓin, jaririn na kwance a kansa yana wutsil-wutsil da ƙafa. Ƙyallen ya zauna daram, ko tela bai sa hannu ba. Sabi'u ya matsa kusa da Liman ya yi masa raɗa. Liman ya ɗago ya dube shi.

"Ba da wani sunan ka yi huɗuba ba?"

"Na sake, Allah gafarta Malam."

"Haƙƙinka ne," in ji Liman. Ya ɗaga hannu aka yi salati, aka shafa fatiha, sannan sanƙira ya miƙe ya cika unguwa da murya: yaro ya ci sunan Sulaimanu, Allah ya raya. Guɗa ta tashi daga cikin gida.

Kande ba ta yi guɗa ba. Ta taka cikin da'irar a hankali, ta sunkuya ta ɗauki yaron. Ba za ta taɓa kiran sunansa da bakinta ba, kamar yadda ba ta taɓa kiran na mahaifinta ba. Ta share masa ƙurar da ta taɓa kumatunsa da gefen mayafinta, ta kai bakinta kusa da kunnensa.

"Sannu da zuwa, Baba," ta ce. "Ka daɗe a hanya."